Gidan kallon ƙwallonmu na Badarawa bayan an sayar da shi: wata shida a hannun sabon mai gida

Wata shida kenan cif da aka sayar da gidan kallon ƙwallon layinmu na Badarawa a Kaduna, kuma tun lokacin ba a barina in huta, kullum sai wani ya tare ni a hanya ko ya turo min saƙo, wai mutumina ya wajen nan yake yanzu, mu dawo ko mu ci gaba da zuwa na Malali? To na gaji da ba da amsa ɗai-ɗai, bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunan wajen ba, ba zan kama sunan kowa ba, 'yan unguwa sun san inda nake nufi. Ni dai shekara goma sha ɗaya ina zama a benci na uku ta gefen taga, in ban isa in yi magana a kan wajen nan ba to ban san wa ya isa ba.

Dole in fara da tsohon mai wajen, don in ba ku san shi ba ba za ku gane dalilin gunagunin da ake yi ba. Baba muke ce masa, amma a bayan idonsa Abramovich, wato attajirin da ya taɓa mallakar Chelsea. Ɗan Chelsea ne na mutuwa, kuɗin aljihunsa yake zubawa a wajen ba ya ko lissafi, sannan yaran da ke karɓar kuɗi a ƙofa, yadda yake korarsu ko Abramovich bai kori koci haka ba, yau ka ga wannan jibi ka ga wani. Kayan wajen kuwa ba na a zo a gani ba ne. Talabijin uku, ɗaya ma kalarta ta tafi, in Liverpool na wasa sai ka rantse rigar ruwan goro suka saka. Janareto in ya tashi sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Amma Baba kullum yana nan a kan farar kujerarsa ta roba a bakin ƙofa, in mai ya ƙare ana tsakiyar wasa da kansa zai miƙe ya ce ku yi haƙuri 'ya'yana, laifina ne, wasa na gaba kyauta. Daren da Chelsea ta ci Man City ɗaya da nema a Porto a 2021, Havertz ya jefa ƙwallon, Baba ya sa mai shayin bakin ƙofa ya haɗa wa kowa shayi, har da mu 'yan Man U, da yake daren nan dole ce ta sa muka zama 'yan Chelsea don ba ma son City ta ɗaga kofin.

Abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ana hutun rabin lokaci a wani wasa Baba ya rage sauti, ya tsaya a gabanmu ya ce ga abin da nake sayen mai da, ga abin da nake saya yanzu, in ban ƙara kuɗin shiga ba zan rufe, ku me kuka gani? Aka yi ta hayaniya kamar kasuwa, ƙarshe mu da bakinmu muka ce a koma 200 daga 100. Ba wanda ya yi fushi. Kuɗi ya ninka fa, amma ko mutum ɗaya bai bar wajen ba.

Shekaru suka kama Baba, ido ya fara ba shi matsala, 'ya'yansa suka mayar da shi Zariya. Ba wanda ya sanar da mu an sayar. Wata Asabar kawai muka zo muka tarar an yi sabon fenti, an cire kujerar robar, wani yaro da ba mu taɓa gani ba yana riƙe da POS yana ce mana ɗari uku ne.

Bari in faɗi gaskiya tsakani da Allah, don ba na son a ce ƙiyayya ce ta sa ni rubutu. Ta fannin kaya, sabon mai gidan ya yi ƙoƙari sosai. Manyan talabijin huɗu sababbi fil, ga kuma farin allo a tsakiya na babban wasa, hoto tar kamar kana cikin filin. Ya sa sola da inbata, a wata shidan nan sau ɗaya tak na ga hoto ya ɗauke, shi ma bai kai minti biyu ba. Wanda ya san yadda ake ɗauke wuta ana shirin buga fenareti a daren Zakarun Turai ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙarar janareto ta tafi, yanzu har muryar mai sharhi kana ji. Fanka takwas, duk suna juyawa. An hana shan taba a ciki, an hana yara 'yan makaranta zama wasan dare, an gyara banɗaki an sa ƙofa mai sakata, da Magariba kuma ana kashe sauti, akwai tabarmi da butoci a waje. Dikoda ma ya ƙara, in wasanni sun haɗu a lokaci ɗaya ranar Asabar ana nuna huɗu lokaci guda, ba irin da ba da ake ƙuri'a da ɗaga hannu, 'yan Arsenal su rinjaye mu don sun fi yawa. In kayan kallo kawai kake nema, a duk yankin nan daga Badarawa har Unguwar Dosa ban ga wanda ya kamo shi ba.

To me ya sa har yanzu rabin tsofaffin kwastomomi ba su dawo ba, mu da muka dawo kuma muke kallon wajen a kaikaice?

Sati na uku aka raba zauren biyu. Gaba aka jera kujerun roba masu hannu aka ce 500, baya benci 300. Sati na shida aka ce duk wasan da ya haɗa manya biyu, na benci ma 500 ne. Ba takarda a bango, ba sanarwa, sai ka zo bakin ƙofa da kuɗinka a hannu yaro ya ce Oga ya ce an ƙara. Wane Oga? Ba mu san shi ba. Sai daga baya labari ya fito daga bakin manajan da kansa, wai rancen kuɗi mutumin ya ci ya sayi wajen da kayan solar, kuma daga kuɗin ƙofa ake biyan bashin duk wata. Ranar da maganar nan ta shigo zaure wani ɗan Man U a bayana ya miƙe ya ce innalillahi, ashe Glazer ne ya biyo mu har Badarawa! Aka fashe da dariya, sunan kuma ya bi shi, yanzu ko mai awarar ƙofa Glazer take ce masa.

Wanda ba ɗan Man U ba ba zai gane zafin sunan nan ba. A 2005 iyalan Glazer na Amurka suka sayi Man United a kan kusan fam miliyan 790, yawancin kuɗin rance ne, kuma suka ɗora bashin a wuyan kulob ɗin, kulob ɗin da ba a binsa bashin kirki kafin su zo. Wato ka sayi saniya da bashi, ka ce nononta ne zai biya, kuma kai ma kana ɗiban naka a ciki. Tun shekarar wasu magoya baya suka yi zuciya suka kafa tasu ƙungiyar, FC United of Manchester. A 2010 aka fara ɗaura gyale mai kore da ruwan zinare, kalar Newton Heath, asalin sunan kulob ɗin. Ranar 2 ga Mayun 2021 kuwa a wannan zauren muke zaune muna jiran wasa da Liverpool, sai muka ga masu zanga-zangar ƙin Glazer sun cika tsakiyar filin Man U na Old Trafford, aka ɗage wasan, Baba ya mayar wa kowa kuɗinsa. Abin lura shi ne, a ƙarƙashin Glazer ɗin nan United ta ci Zakarun Turai a 2008, ta ci Firimiya sau biyar kafin koci Ferguson ya tafi a 2013, amma duk da haka mutanen Manchester ba su taɓa yarda da su ba. Kofi ya zo, amana ba ta zo ba.

Kuma wallahi har rufin ma iri ɗaya ne. Kun tuna watan Mayun 2024 da Arsenal ta ci mu ɗaya da nema a Old Trafford, ruwan sama ya dinga kwarara daga rufi kamar an buɗe famfo, duniya ta yi ta mana dariya? To kwanon gidan kallonmu ma yana yoyo daidai saman benci na uku. Tun zamanin Baba yake yi, ba zan ɗora wa sabon ba, amma Baba aƙalla yakan sa bokiti ya ce in damina ta wuce za a gyara, mu yi dariya don mun san ba zai gyara ba. Wannan kuwa ya sayi talabijin na miliyoyi ya bar kwano. Abin da ido ke gani daga ƙofa an gyara, abin da sai wanda ke zama a ciki ya sani an bar shi.

A wata na huɗu da sayar da wajen aka ce an samu abokin tarayya, wani ya sa kuɗi ya karɓi tafiyar da wajen. Muka yi murna, muka ce ga Ratcliffe ya iso. Ashe bakinmu ne ya kama mu. Aikinsa na farko ya sallami mai shayin da ya shekara tara a ƙofar, wai zai kawo firij ya riƙa sayar da lemo da kansa, sannan ya soke al'adar Baba ta barin dattawa biyu-uku na layin su shiga kyauta. Mu 'yan Man U muka kalli juna kawai. Haka muka yi ta tafi a Disambar 2023 da aka ce Jim Ratcliffe ya sayi kashi 25 cikin ɗari na Man U kuma harkar ƙwallon ta koma hannunsa, bayan Sheikh Jassim na Qatar ya janye, har wasu a zauren nan suka yi kwana uku suna jimamin kuɗin Larabawa. Me ya biyo baya? Aka sallami ma'aikata 250, aka mayar da tikitin da ya rage fam 66 ba ragi ga yaro ba ragi ga tsoho, aka yanke kwantiragin jakadanci na Ferguson, muka ƙare na 15 a kakar 2024/25, Tottenham kuma ta ci mu a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao. Ƙila yana da hujjarsa ta lissafi, ban musa ba, shi ma na Badarawa yana da tasa. Amma in za ka fara tsuke bakin aljihu, me ya sa kullum daga mai shayi ake farawa?

'Yan Chelsea su ne ba sa yarda da ni a wannan muhawarar, kuma mukan kai sha ɗayan dare a bakin titi muna yinta. Su a wajensu mai gida nagari shi ne mai zuba kuɗi, shikenan. Abramovich ya saya a 2003, ya kawo musu Firimiya biyar da Zakarun Turai biyu, da gwamnatin Birtaniya ta sa masa takunkumi a Maris ɗin 2022 saboda yaƙin Rasha da Yukiren har ƙwalla wasu suka yi a nan Kaduna. Da Todd Boehly da Clearlake suka karɓa a watan Mayun shekarar a kan fam biliyan 2.5, suka kori koci Tuchel a Satumba, suka kashe sama da fam biliyan ɗaya a kan 'yan wasa, ana ba yaro kwantiragin shekara takwas kamar auren dole, aka ƙare na 12, ba irin zagin da Boehly bai sha ba a benci na biyar. Amma da suka lallasa PSG uku da nema a 2025 suka ɗauki kofin duniya na kulob-kulob, mutanen nan dai su ne suka dawo suna cewa ai dama mutumin yana da tsari. 'Yan Arsenal ma haka, a 2021 lokacin rikicin Super League suna ta Kroenke mai kulob ɗin ya fita, suna addu'ar Dangote ya zo ya saya tunda ya daɗe yana faɗa, yau da ƙungiyar ta miƙe ba ka jin sunan Kroenke a bakin kowa. Na Newcastle kam ba na ganin laifinsu, shekara 14 a hannun Mike Ashley, Saudiyya ta saya a Oktoban 2021, a Maris ɗin 2025 suka ci Liverpool suka ɗaga kofin gida na farko cikin shekara 70. Ko ni ne zan yi rawa.

Kuma kar in yi ta nuna wasu da yatsa, mu ma haka muke. Daren da aka ɗauke wuta a unguwa gaba ɗaya, duk gidajen kallon kusa suka yi duhu, namu ko ƙyaftawa bai yi ba, daren nan ba wanda ya ce Glazer, Oga kowa yake cewa. Washegari aka ƙara naira hamsin a kuɗin ajiye mashin, sunan ya dawo.

Akwai wani dattijo da ke zama a ƙarshen benci na ɗaya, cikin waɗanda aka soke wa shiga kyauta, yanzu mu muke haɗa masa. Shi duk wannan surutun na Ingila dariya yake ba shi. Ya ce ku yara kuna kuka a kan masu kulob ɗin da ba su san da zamanku a duniya ba, ku tambaye ni Ranchers Bees. Ya ba mu labarin 1988 da Ranchers, ƙungiyar ƙwallon Kaduna, ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofi, Bizertin ta Tunisiya ta doke su, shekara ta gaba suka ɗauki kofin WAFU na Yammacin Afirka, lokacin garin nan in Ranchers na wasa kasuwa tashi take yi da wuri. Daga baya ƙungiyar ta yi ta gangarawa har matasa suka manta da sunanta. Ya ce Kaduna United fa, ba ita ta ci Enyimba a fenareti ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010 ba? Yau ina take? A cewarsa ƙungiyar gwamnati ba a sayar da ita amma duk zaɓe sai ta canza mai gida, kuma ba wanda ke tambayar magoya baya. Da aka ji a farkon 2025 cewa Sadiq Umar, ɗan garin nan da ke buga wa Najeriya, ya shiga cikin masu Ranchers Bees, dattijon nan ya fi kowa murna, amma da na ce masa Baba to yanzu ka yarda kenan, sai ya ce yaro, ina son shi don ɗanmu ne, yarda kuma sai na ga shekara biyar ana biyan 'yan wasa albashi a kan lokaci.

Sau ɗaya na ga mai gidan da idona, ranar wasan Man U da Liverpool, matashi ne bai fi arba'in ba, ɗan kasuwa, kuma gaskiya ba shi da girman kai kamar yadda na zata. Na tare shi a ƙofa na ce Yallabai, don Allah minti biyu. Na ce kaya ka kawo, mun gode, amma mutanen nan ba ƙarin kuɗin ne ya fi ci musu rai ba, Baba ma ya ninka mana kuɗi ba wanda ya tafi, abin da ke damunmu shi ne mu zo ƙofa mu ji daga bakin yaro. Ya ce Malam ka san yanayin ƙasa, ga kuɗin DStv duk wata, ga batiran inbata, ga masu bina. Na ce duk mun sani Yallabai, ka shigo ka faɗa mana da bakinka mana, ko ka liƙa takarda sati ɗaya kafin ƙari. Ya ce insha Allahu. Na ce kwanon fa? Ya ce insha Allahu. Wani ɗalibin Kadpoly da ke gefe ya tsoma baki wai a Jamus akwai dokar 50+1, mambobi ne ke riƙe da rinjayen ƙuri'a a kulob, mu ma a ba mu kwamiti, mai gidan ya yi dariya ya ce in kun biya min rabin bashin sai in ba ku. Ban ji haushin amsar ba, aƙalla ya faɗi abin da ke ransa.

Takardar dai ya liƙa, a ba shi wannan. Farashi yana bango yanzu da babban rubutu, kuma wata ɗaya da rabi ba a taɓa shi ba. Mai shayi bai dawo ba, ya koma tsallaken titi, mu kuma da gangan muke tsallakawa a hutun rabin lokaci mu bar lemon firij ɗin. Wasu na cewa mu yi irin na 'yan Liverpool a Fabrairun 2016, da aka sa tikiti fam 77 suka miƙe a minti na 77 suka fice daga Anfield ana wasa da Sunderland, cikin 'yan kwanaki masu kulob ɗin suka janye ƙarin har da ba da haƙuri. Na ce ku dai ku tuna suna cin biyu da nema suka fita aka tashi biyu da biyu, sannan wa zai biya 500 a Badarawa ya fita saura minti 13? Ba a sake tayar da maganar ba.

Masu tambaya a zo ko kar a zo: in babban wasa ne na dare kuma ba ka son wuta ta yanke maka jin daɗi, ka zo, kuɗinka ba zai tafi a banza ba, a hoto da wuta da iska zan ba shi tara cikin goma ba tare da na yi tunani ba. Kar ka ɓata kuɗinka a kujerun gaba, sun yi kusa da allo sosai, wuya ne zai yi ciwo, benci na huɗu da na biyar sun fi ko'ina. Ka zo da minti talatin kafin a take in wasan Arsenal ne ko Barcelona da Madrid, ka riƙo tsabar kuɗi don netwok ɗin POS ɗin yakan yi gardama daidai lokacin da layi ya yi tsawo, mashin kuma ka kulle shi da kanka duk da kuɗin ajiyar. Sun fito da wani tsari wai ka biya na wata uku gaba ɗaya a yi maka ragi, manajan ya bi ni da shi har sau uku. A hannun Baba da ko na shekara ne zan biya ban nemi rasit ba. A nan kuwa wasa-wasa nake biya, in shiga in fita, sai na ga abin da za a yi wa kwanon nan tukuna. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas tun satin jiya, ni kuma na riga na kwashe daga benci na uku na koma na huɗu.